Awa Ashirin a Takarda: Rayuwar Ɗalibai Masu Ninƙaya a Jami'o'in Amurka

A garin Ann Arbor na jihar Mishigan akwai filin ƙwallon ƙafar Amurka mai cin mutum 107,601, kuma na jami'a ne. Ranakun Asabar na kaka cika yake yi maƙil. Tun da hantsi mutane sun buɗe bayan motocinsu a wurin ajiye mota, ana gasa nama, ana kiɗa, kowa sanye da shuɗi da ruwan ɗorawa, launin makarantar. Waɗanda aka zo kallo yara ne 'yan shekara 18 zuwa 23, waɗanda ranar Litinin za su koma aji da jakar littattafai. A harabar jami'ar dai akwai ginin ninƙaya da kujerunsa ba su kai dubu biyu ba, inda wasu ɗaliban ke shiga ruwa tun kafin gari ya waye. Kuɗin da ake tarawa a babban filin nan shi ne ke ɗumama ruwan da suke shiga, don haka duk mai son fahimtar rayuwar ɗalibi mai ninƙaya sai ya fara da taron Asabar.

Son ƙungiyar jami'a a Amurka gado ne. Kaka ya yi makarantar, uba ya yi, jika tun yana goye aka sa masa rigarta. A jihohi irin su Alabama da Nebraska, inda babu babbar ƙungiyar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, ƙungiyar jami'a ita ce tutar jama'a, har ga wanda bai taɓa taka harabar ba. Hukumar da ke kula da waɗannan wasanni, NCAA, ta samo asali a 1906, kuma tun 1973 ta kasa makarantu rukuni uku. Mafi yawan kuɗin shigarta daga gasa ɗaya yake fitowa, ta ƙwallon kwando ta maza da ake yi a watan Maris. Su kuma manyan jami'o'i kuɗin talabijin na ƙwallon ƙafa ne kashin bayansu. Ninƙaya tana cikin wasannin da ake kira marasa kawo kuɗi. Ana kashe mata, ba ta mayarwa.

Abu na farko da ke rikita baƙo shi ne tsawon ruwan. A gasar Olamfik mita 50 ne. A jami'o'in Amurka yadi 25 ne, yadin nan da ake auna atamfa da shadda da shi, wato mita 22.86. Wannan bambanci ya sauya wasan gaba ɗaya. Tseren mita 200 a dogon ruwa juyi uku ne a bango, tseren yadi 200 kuwa juyi bakwai. Doka ta yarda mutum ya yi tafiyar mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan tashi da bayan kowane juyi a salon rub-da-ciki, da na rigingine, da na malam-buɗe-littafi. A ruwa mai yadi 25 hakan kusan kashi biyu cikin uku ne na tsawon. Wanda ya iya bugun ƙafa irin na kifi a ƙarƙashin ruwa, jiki a miƙe kamar kibiya, hannu bisa hannu, kai a matse tsakanin damatsa, zai iya doke wanda ya fi shi iyo a saman ruwa. Shi ya sa kociyoyin jami'a ke kallon bango kafin su kalli hannu idan suna neman sabon ɗalibi. Caeleb Dressel na Jami'ar Fulorida ya yi yadi 50 cikin daƙiƙa 17.63 a 2018, kuma da tashi da juyi ya gina wannan lokacin.

Abu na biyu: a nan ninƙaya wasan ƙungiya ne. A karawar jami'a biyu, na ɗaya a tseren mutum ɗaya yana samun maki 9, sai 4, 3, 2, 1. A tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu kuwa 11, 4, 2. A gasar ƙasa mutum 16 na farko ne ke cin maki, daga 20 zuwa 1, kuma makin karɓa-karɓa ninki biyu ne. Ba a barin ɗalibi ya wuce tsere bakwai a gasar, kuma uku kaɗai daga ciki ne na kansa. Makin masu alkafura daga kan katako ma ana haɗa shi da na masu iyo. Saboda haka tauraro ɗaya ba ya ɗaukar kofi. Yarinyar da ta zo ta goma sha biyar ta kawo maki biyu, wani lokaci ita ce ta raba gardama. Jami'ar Bajiniya ta ɗauki kofin mata sau biyar a jere daga 2021 zuwa 2025 ƙarƙashin koci Todd DeSorbo, kuma duk da sunayen Kate Douglass da 'yan'uwan nan Alex da Gretchen Walsh sun fi fitowa, makin karɓa-karɓa da yawan masu kaiwa zagayen ƙarshe ne suka riƙe musu gida. Koci Eddie Reese ya ci kofin maza sau 15 da Jami'ar Teksas a kan wannan lissafi. A rukuni na uku, inda ba a ba da tallafin karatu saboda wasa ko sisi, mazan Kwalejin Kenyon sun ci kofi sau 31 a jere, daga 1980 zuwa 2010.

Yanzu ga makon ɗalibin.

Dokar NCAA ta ce a lokacin kakar wasa kada atisaye ya wuce awa 20 a mako, kada ya wuce awa huɗu a rana, kuma a ba da hutun yini guda. Wannan a takarda ke nan. Ranar gasa awa uku ake rubuta mata ko da an yini a bakin ruwa. Tafiya a bas ko jirgi ba ta cikin lissafi. Zuwa ɗakin jinya a gasa kafaɗa ko a ɗora ƙanƙara ba ya ciki. Atisayen da aka kira na ganin dama shi ma ba ya ciki, kuma ɗalibin da ke son a sa shi a tseren karɓa-karɓa ya san abin da rashin zuwa ke nufi. In ka haɗa da sauya kaya, da wanka, da tattaki zuwa wurin, za ka ga aiki ne na cikakken ma'aikaci aka ɗora a kan cikakken karatu.

A babbar ƙungiya ana shiga ruwa sau takwas zuwa goma a mako. Ranakun da ake yin sau biyu, na safe kan fara wajen ƙarfe shida, na yamma wajen biyu ko uku, ajujuwa a tsakani. Ɗaga ƙarfe sau biyu ko uku a mako. Kowane shiga ruwa yadi 5,000 zuwa 7,000 ne ga matsakaitan masu tsere. Masu dogon zango, waɗanda tserensu mafi tsawo yadi 1,650 ne, wato tsawon ruwan sau 66, sukan haura haka. Masu gajeren zango kuwa yadinsu kaɗan ne amma da wuta.

Agogon bango shi ne shugaba. Koci zai ce yadi ɗari sau ashirin, a tashi duk bayan minti ɗaya da daƙiƙa goma. In ka iso a minti ɗaya da daƙiƙa biyu, hutunka daƙiƙa takwas. In ka gaji ka iso a ɗaya da tara, numfashi ɗaya za ka ja ka sake tashi. Mutum biyar ko shida ke raba layi guda, suna zagayawa ta hannun dama, daƙiƙa biyar tsakanin kowa da na bayansa. Wanda ya shafi ƙafarka yana neman hanya ne, sai ka raɓe a bango ya wuce. Awa biyu ana kallon baƙin layin da ke ƙasan ruwa, babu hira sai a daƙiƙun hutu. Mutanen da suka sha wannan wuya tare shekara huɗu sukan zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, kuma daga nan ne ihun da ake ji a bakin ruwa ranar gasa yake fitowa.

Kakar tana farawa a Satumba. Karawa tsakanin jami'o'i daga Oktoba, babbar gasar gwaji a Nuwamba, sai hutun Kirsimeti wanda ga mai ninƙaya shi ne lokaci mafi tsanani, domin babu aji, kuma dokar awa 20 ba ta aiki a lokacin hutu. Ƙungiyoyi da yawa kan tafi wuri mai ɗumi su yi mako guda ko fiye ana shiga ruwa safe da yamma. Gasar shiyya a Fabrairu, ta ƙasa a Maris. Duk tsawon watannin nan ɗalibi a gajiye yake yin tsere, kuma da gangan ne. Sai saura mako biyu ko uku a shiga babbar gasa ake fara sauke kaya: a rage yadi sannu a hankali, a bar ɗaga ƙarfe mai nauyi, a ci gaba da gajerun tsere masu sauri don kada jiki ya yi sanyi, a ƙara barci. Namiji mai ƙaton jiki da ke gajeren zango yana bukatar hutu mai tsawo. Siririyar yarinya mai dogon zango in aka hutar da ita haka, ƙarfinta zubewa zai yi. Nan ne gwanintar koci take. In hutun ya gaza, ƙafa ta yi nauyi ranar tsere. In ya wuce kima, sai mutum ya ji ruwan ya zame masa baƙo, hannu ba ya kama komai. Ga kuma matsalar wanda bai samu lokacin shiga gasar ƙasa ba tukuna: dole a hutar da shi tun Fabrairu, sannan a nemi ya sake kaiwa ƙololuwa bayan wata guda, abin da jiki ba kullum yake yarda ba.

Daren jajibirin gasa ake aske gashin jiki, a sa rigar tsere ta musamman. Tun 2010 aka hana masu roba, sai na saƙa kaɗai, ta maza daga ƙugu zuwa gwiwa, ta mata daga kafaɗa zuwa gwiwa. Kuɗinta ɗaruruwan daloli ne, kuma bayan tsere kaɗan matsinta ya saki. Sanya ta mata kan ci minti ashirin ko fiye, ana ja da tafin yatsa a hankali, domin farce ɗaya ya isa ya keta ta. Shi ya sa mai hankali ke zuwa da guda biyu.

Abin da ya fi kayar da masu ninƙaya shi ne kafaɗa. Yi lissafi: yadi 6,000 tsawo 240 ne. In mutum yana jan hannu sau 15 a kowane tsawo, ya ja sau 3,600 a shiga ɗaya, kowace kafaɗa 1,800. Tsokar gaban ƙirji tana ƙarfi tana gajarta, ƙananan tsokokin da ke riƙe allon kafaɗa suna gajiya, jijiya ta fara gogar ƙashi. Abubuwan da ke hanzarta ciwon sanannu ne: shigar da hannu ruwa da babban yatsa a gaba, ƙetare tsakiyar jiki da hannu, sa manyan faifan robar da ake ɗaurawa a tafin hannu kafin ƙarfi ya kai, da ƙara yadi farat ɗaya bayan dogon hutu. Maganinsa motsa jiki da igiyar roba minti goma kafin shiga ruwa, da faɗa wa mai jinya tun ciwon yana ƙarami. Ɗaliban shekarar farko su ne suka fi ɓoyewa, don tsoron kada a ce ragwaye ne, kuma ciwon mako biyu ya koma na kaka guda. Masu salon kwaɗo nasu ciwon a cikin gwiwa yake da matsematsi.

Sai iska. Warin da ake ji a wurin ninƙaya na cikin gini yana fitowa ne idan sinadarin kulorin ya haɗu da gumi da fitsari. Iskar da ke tashi daga nan tana kwanciya dab da saman ruwa, daidai inda mai iyo ke shaƙa. In na'urar fitar da iska ba ta da ƙarfi, sai tari ya kama ƙungiya baki ɗaya, masu asma su fi jin jiki. Sai ci. Jikin da ke wannan aiki yana ƙona abinci mai yawa, kuma wanda ya fito ruwa ƙarfe takwas saura yana da aji ƙarfe takwas sau da yawa haka yake tafiya da yunwa. Rashin cin abin da ya kai aikin yana kawo yawan mura, da ƙarancin jini, da ɗaukewar al'ada ga mata, da raunin ƙashi. Wasa ne da ake yi jiki a waje kowa yana gani, don haka magana ɗaya ta ganganci daga koci a kan ƙiba tana iya jefa yarinya cikin ƙin cin abinci na shekaru. Kocin da ke auna nauyin ɗalibai a gaban juna bai cancanci riƙe ƙungiya ba. Haɗari mafi muni kuwa gasar riƙe numfashi ce. In mutum ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, alamar da ke tilasta masa fitowa tana jinkiri, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji komai ba. Har ƙwararru wannan yana kashewa, domin su ne ke iya jurewa har zuwa wurin.

A ɓangaren karatu babu sassauci a ƙa'ida. Dole ɗalibi ya yi rajistar aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, kowane zango. A rukuni na ɗaya sai ya kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Abin da ke cin mutane a nan shi ne sauya fanni a makare, domin kwasa-kwasan da aka riga aka ci ba za su shiga lissafin sabon digirin ba. Masu karatun injiniya da share fagen likitanci suna fama da ajin gwaje-gwaje na yamma da ke cin karo da atisaye. Hanyar da ta fi aiki ita ce a kai wa kowane malami jadawalin tafiye-tafiye tun makon farko, kuma a tura kwasa-kwasai masu nauyi zuwa zangon bazara.

Batun kuɗi shi ne ya fi sauyawa. Shekaru da dama iyakar tallafin karatu a ƙungiyar ninƙaya ta rukuni na ɗaya shi ne 9.9 ga maza, 14 ga mata, ana gutsuttsura shi tsakanin mutum ashirin da wani abu ko talatin. Wani rabi, wani kwata, wani kuɗin littattafai kawai, wasu ba ko kwabo. Na mata ya fi yawa saboda dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ganin a lokacin ƙwallon ƙafar Amurka kaɗai tana da guraben tallafi 85 na maza. Wannan dokar ce ta ceci ƙungiyar mata ta Jami'ar Ayowa: a 2020 jami'ar ta sanar da rufe ninƙaya, ɗalibai mata suka kai ƙara, aka mayar da tasu, ta maza ta tafi. Jami'ar Jihar Mishigan ma a shekarar ta sanar da rufe duka biyun.

A da, karɓar kuɗin talla yana hana ɗalibi wasa. Missy Franklin ta ci zinare huɗu a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ta ajiye tayin kamfanoni domin ta yi wa Jami'ar Kalifoniya iyo. Daga 1 ga Yuli, 2021 aka yarda ɗalibai su ci kuɗi da sunansu da hotonsu. Ƙarar da ta kai lamarin ƙarshe kuwa sunan mai ninƙaya take ɗauke da shi, Grant House na Jami'ar Jihar Arizona. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasanci: diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, kuma kowace jami'a ta iya biyan 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. An cire iyakar tallafin karatu, aka maye gurbinta da iyakar yawan mutane, 30 ga kowace ƙungiyar ninƙaya, shiyyar SEC ma, ta manyan jami'o'in kudu maso gabas, ta tsayar da ta maza a 22. Biyan 'yan wasan da ke cika filaye adalci ne, kuma ya daɗe da cancanta. Amma mafi yawan kuɗin ƙwallon ƙafa da kwando suka nufa, kuma waɗanda suka fara rasa gurbi su ne ɗaliban da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu suna iyo don so. Jami'ar Cal Poly ta rufe ninƙaya a Maris 2025, ta ambaci nauyin wannan sasanci cikin dalilanta.

Wannan ya shafi duniya, domin tsarin jami'o'in Amurka ya daɗe yana renon zakarun wasu ƙasashe. Léon Marchand na Faransa, mai zinare huɗu a Faris a 2024, a Jihar Arizona ya yi karatu ƙarƙashin koci Bob Bowman. Kirsty Coventry ta Zimbabuwe, wadda aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025, a Jami'ar Auburn ta yi iyo. Oussama Mellouli na Tunisiya, mai zinaren mita 1,500 a 2008, ɗalibin Jami'ar Kudancin Kalifoniya ne. Ɗan Afirka da ke harin wannan hanya sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, ya aika sakamakon sakandare, ya kuma tanadi lokutan tsere da aka ɗauka da agogon lantarki a gasar da aka sani, domin koci ba ya aiki da lokacin agogon hannu. Bizar ɗalibi tana taƙaita aikin kuɗi a cikin Amurka, don haka kada ya sa kuɗin talla a lissafinsa. Kafin ya sa hannu ya tambaya a rubuce: tallafin na shekara ɗaya ne ko na huɗu, me zai faru in kafaɗa ta lalace, kuma shi na nawa ne a cikin talatin ɗin. Musulmi ya ƙara da batun sutura da azumi. A 2025 gasar ƙasa ta maza da ta mata duka a cikin Ramadan suka faɗo.

Game da 'yan kallo, Jami'ar Howard da ke birnin Washinton ta nuna cewa kujerun da babu kowa ba ƙaddara ba ce. Ita kaɗai ce ke da ƙungiyar ninƙaya a cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙar fata, a ƙasar da aka daɗe ana hana baƙaƙe shiga wuraren iyo na jama'a. Kocinsu Nic Askew ya kawo kiɗa da masu rawa bakin ruwa, kuma a Oktoban 2022 karawarsu da Jami'ar Georgetown ta cika wurin. A 2023 mazansu suka ci kofin shiyyarsu.

Wanda ya samu kansa a irin wannan karawa, ya karɓi takardar jerin tsere a ƙofa, ya riƙa tara makin da kansa. Masu mafi kyawun lokaci a tsakiyar layuka ake sa su. A yi shiru idan alƙali ya busa dogon usur, domin motsi ɗaya a kan dakalin tashi kafin ƙarar tashi ya isa a kori mutum. A salon kwaɗo da malam-buɗe-littafi a duba ko hannu biyu sun taɓa bango tare. A rigingine a duba tutocin da ke yadi biyar kafin bango, da su mai iyo ke ƙirga jan hannunsa. Yawanci tseren ƙarshe karɓa-karɓa ne, kuma in tazarar maki kaɗan ce, shi zai yanke hukunci. A nan a bar kallon wanda ke cikin ruwa, a kalli ƙafar wanda ke kan dakali. An yarda ya fara lilo da hannu, jikinsa ya karkata kan ruwa tun abokinsa bai iso ba, muddin yatsun ƙafarsa suna kan dakalin lokacin da hannun abokin ya taɓa bango. In ya riga shi tashi, na'ura za ta nuna, kuma makin mutum huɗun ya tafi.